A Wurin Bara'atu, Alhamis Huɗu Ce

Bara'atu Sada ta rasu da daminar bara, amma ba ta daina aika wa mutane saƙo ba. Duk ranar Alhamis da ƙarfe shida na safe sai wayoyi su yi ƙara a unguwannin Sintali da Nukkai na Jalingo har ƙauyukan hanyar Sunkani, a duba a ga: "Salamu alaikum. Yau ranar awo ce. Maigida, a taimaka da abin hawa. A taho da kati da ruwan sha. Mun gode." Ita ta rubuta shi, ita ta sa masa lokaci a kwamfutar ɗan asibitin unguwarmu, kuma bai taɓa makara ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinta aka samu matsala. Asibitin ya mai da awon masu ciki ranar Talata, saboda ranar ce likita mai na'urar hoton ciki zai riƙa zuwa. Kwamfuta ba ta san an sauya ba. Ranar Alhamis ta aika saƙonta kamar kullum, mata suka zo, aka ce su koma. Sabon shugaban asibitin ya ce gara a kashe saƙon gaba ɗaya da a riƙa wahalar da masu ciki, kuma gaskiyarsa ne. Sista Patricia, wadda ta daɗe tana awon, ta roƙe shi ya ba ta mako guda. Daga ofishinsa ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban tukunyata.

Sunana Bilkisu. Kunun gyaɗa da ƙosai nake sayarwa a ƙofar asibitin. Karatuna firamare ne da Islamiyya. Zan faɗi yadda muka ƙare da wannan magana, amma sai na fara faɗin wace ce Bara'atu, don in ba a san ta ba ba za a gane abin da ya sa mai kunu ta yi kuka a kan lamba ɗaya ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Sintali. Mahaifinta, Malam Sada, Bakatsine ne, fataucin turare ya kawo shi Jalingo ya zauna. Yana da rumfa a babbar kasuwa, da safe kuma yana koyar da allo a zaurensa. Ranar Alhamis aka haife ta, don haka a gida Lami ake ce mata. Da ciwon sikila ta zo duniya. Siririya ce, idanunta kamar an ɗiga musu kurkur, ba ta shiga ruwan sama, ba ta gudu. Amma baki, tabarkalla. In muna wasa ita ce alƙali. Sai ta hau kan turmi ta harɗe ƙafa ta riƙa yanke hukunci, wa ta taka layi, wa ta yi ha'inci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Tun muna yara take cewa, "Ni jikina ba shi da alƙawari." Yau za ku shirya zuwa biki, gobe ki leƙa ki tarar da ita a nannaɗe tana cije zane. Abin da ya fi ƙona mata rai ba ciwon ba ne. A ce ta ce za ta yi abu, ba ta yi ba, wannan shi ne yake sa ta kuka.

A zauren Malam Sada muka koyi kwanakin mako, kuma shi ba ya koyar da abu sai da dalilinsa. Ya ce sunayen nan lambobi ne na Larabci. Lahadi ɗaya, Litinin biyu. Talata uku, ku tuna talatin. Laraba huɗu, ku tuna arba'in. Alhamis biyar, ku tuna hamsin. Muka riƙa rera shi muna tafi har ya zauna mana a kai kamar sunayenmu. A riƙe wannan, zai dawo.

Bara'atu ta gama sakandare da ƙyar, zango a aji, zango a gado. Aiki kuwa ba ta nema ba. Ta yi ta zuwa asibitin nan a matsayin marar lafiya har ta fi ma'aikatan sanin inda katin kowa yake. Wata rana tana zaune ana mata ƙarin ruwa, ana ta neman katin wata tsohuwa, sai ta ɗaga hannun da ba allura ta ce, "Ku duba ƙarƙashin kwalin safar hannu." Aka duba, ga shi. Sista Patricia ta dube ta ta ce, "In ka warke ka zo ka zauna a tebur ɗin nan." Sista Patricia Bamumuya ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Haka Bara'atu ta zama mai kula da kati.

Ta auri Ɗanjuma, tela a kasuwa, mutum mai sanyi kamar randa. Da ya fara zuwa zance ta ce masa, "Kafin ka kawo goro, kawo takardar gwajin jini." Ya kawo, ta karanta ta sau biyu a gabansa, sannan ta ce ya zauna. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Mahbuba, lafiyayya, mai gudu kamar an biyo ta.

Abin da ya dame ta a wurin aiki shi ne bencin awo. Mata suna zuwa sau ɗaya su karɓi kati, daga nan sai ranar da abu ya ɓaci. Ta yi ta tambayarsu har ta gano bakin zaren. Matan sun san ranar sarai. Mazan ne suke mantawa, ko su ce a bari sai wani makon. Amma in magana ta fito daga asibiti ta shiga wayar maigida da kansa, to ta zama umarni. Sai ta fara karɓar lambobin mazan, duk Alhamis bayan sallar asuba ta zauna da 'yar wayarta tana aika musu saƙo ɗaya bayan ɗaya har babban yatsanta ya sage. Benci ya fara cika. Ni ma tukunyata ta fara ƙarewa kafin azahar, don mai ciki da ta yi layi ba ta wuce kunun gyaɗa.

Sai dai duk makon da ciwo ya kwantar da ita, ba saƙo, ba mata. Ta dawo ta ga benci wayam, ta zauna ta yi shiru. Bara'atu da shiru ba su saba ba, in ta yi shi har tsoro yake ba ni.

Ana haka wata ƙungiya ta turo wani saurayi Bajukune, Rufus, ya kafa wa asibitin sola da kwamfuta don ajiye sunayen marasa lafiya. Bara'atu ta liƙe masa. Yana ɗaure waya tana tambaya, yana cin ƙosaina tana tambaya. Ya nuna mata yadda za a sa layin waya a wata 'yar na'ura a jikin kwamfutar, ta aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda. Ta yi murna, amma ba ta gamsu ba.

Ta ce, "To in ba na nan fa? Wa zai danna?"

Ya ce, "Ba sai an danna ba."

Da yamma ta fito tana rawar kafaɗa ta zauna a bencina.

"Bilki, na samu ɗan aiki. Sunansa Kuron."

Na ce, "Wane yare ne? Ɗan'uwan Sista ne?"

Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Ta ce a cikin kwamfutar yake, da Turanci cron ake rubuta shi. Ba ya barci, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa gaisuwa, ba ya ciwon ƙashi. Aikinsa ɗaya: duk minti ya leƙa agogo ya duba ko akwai abin da aka ce ya yi yanzu. In akwai ya yi, in babu ya koma ya jira.

Na ce, "To da wane baki ake gaya masa?"

Sai ta jawo kofunan kununa guda biyar ta jera su a kan tebur. Ta ce na farko minti ne, na biyu awa, na uku kwanan wata, na huɗu watan kansa, na biyar kuma ranar mako. A kowane kofi ana jefa lamba. Kofin da ba ki damu da shi ba sai ki jefa masa tauraro, wato 'yar alamar nan mai ƙafafu, ma'anarta "kowanne". Ta tsinke ƙosai ta riƙa jefawa a kofunan tana bayani, ni kuma ina kallon ƙosaina yana tafiya a ilimi.

Gwajin farko a kan mijinta ta yi. Ta rubuta, "Baban Mahbuba, ka taho da tumatir," ta sa ya tafi ƙarfe huɗu na yamma. Amma a kofin minti tauraro ta bari. Kuron kuwa ba ya tambaya, abin da aka ce masa shi yake yi. Tauraro a kofin minti yana nufin kowane minti. Ɗanjuma yana kan keken ɗinki waya ta yi ƙara: ka taho da tumatir. Ya ce to. Bai gama ɗinke hannun riga ba ta sake: ka taho da tumatir. Ta sake. Ta sake. Maƙwabtansa na rumfa suka taru a kansa, wani ya ce ko baƙi aka yi, wani ya ce mace ba ta nanata magana haka sai da dalili. Awa guda cur waya tana kuka. Kafin magariba sai ga Ɗanjuma a ƙofar gida, keke napep a bayansa, da kwando guda na tumatir.

Ya ce, "Lami, biki za a yi ban sani ba?"

Layinmu gaba ɗaya ya ci miyar dage-dage a makon nan. Bara'atu ta ce ta koyi darasi: kofin farko sifili ake sa masa, in ana son abu ya faru sau ɗaya.

Da ta tabbatar hannunta ya faɗa, sai ta rubuta layin awo. Rufus ya riga ya gama aikinsa ya tafi. Sifili a minti, shida a awa, tauraro, tauraro. Ta zo kofi na biyar, ranar mako. Wannan kam ba ta ko tsaya tunani ba. 'Yar Malam Sada ce, kuma Lami ce. Alhamis, hamsin, biyar. Ta sa biyar ta ajiye.

Ran Laraba aka yi ruwa mai sanyi, ciwo ya kwantar da ita. Na je duba ta, tana nishi amma tana murmushi. Ta ce, "Gobe ki cika tukunya. Ina kwance a nan za ki ga aiki." Na cika tukunya. Alhamis ta zo, ba saƙo. 'Yan matan da suka saba zuwa da kansu ne kawai suka zo. Na koma gida da rabin kunu, ban gaya mata ba don kada in ƙara mata ciwo.

Ranar Juma'a ba na fita sana'a. Ina tsakar gida ina wanki sai na ji keke napep suna wucewa, ɗaya, wani, wani, duk sun nufi asibiti. Na ce ko haɗari aka yi. Na yafa mayafi na bi su.

Abin da na tarar ban taɓa ganin irinsa ba. Harabar asibiti cike da masu ciki, kowace da katinta da gorar ruwanta, kowace tana harara. Mazansu kuma suna tsaye da waya a hannu suna nuna wa juna. Wani dattijo Bafulatani daga wajen Sunkani yana cewa, "Asibiti ya ce yau." Matarsa ta ce, "Na gaya masa jiya ne, Alhamis ne, ya ce ni na fi asibiti sani?" Wata ta ce ita tana tsakar tuƙa tuwo aka ce ta sauke. Sista Patricia ita kaɗai ce a bakin aiki, don Juma'a rabin rana ake yi. Ta tsaya a ƙofa ta ɗora hannu biyu a ka.

"Bilki! Ƙawarka zai kashe ni! Shi yana kwance a gida, injin nashi yana turo mini mata!"

Na ce, "Sista, a ce su koma?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Wanda ban gani ba wata uku, yau ya zo da ƙafanshi, in ce ya koma? Ɗauko mini ma'auni."

Ranar na zama ma'aikaciyar asibiti. Ina kiran suna, ina riƙe jaka, ina ba da kujera. Ta auna su kaf, ba ta zauna ba har aka fara kiran sallar Juma'a, mazan suka ruga masallaci suka bar mu. A cikinsu ta samu wata da jininta ya hau sosai ba ta sani ba, aka tura ta babban asibiti a ranar. Ta haihu lafiya daga baya, har yau in ta wuce sai ta tsaya ta ce mini da Fulatanci, "Useko, Adda," wato na gode, Yaya.

Da la'asar muka je gidan Bara'atu, ni da Sista. Muna ba ta labari tana dariya tana cewa, "Wayyo ƙashina, ku bari," tana kuma cewa mu ci gaba. Da ta huta ta kira Rufus a waya ta sa a fili. Ta rantse masa biyar ta sa, kuma Alhamis biyar ce tun kafin a haifi kakansa. Rufus ya yi dariya ya ce a wurin Kuron ba daga ɗaya ake fara ƙirga ba. Lahadi sifili ce. Litinin ɗaya, Talata biyu, Laraba uku, Alhamis huɗu. Biyar Juma'a ce.

Malam Sada yana zaune a bakin ƙofa da carbinsa, ya zo duba 'yarsa. Ya ce a maimaita masa. Aka maimaita.

Ya ce, "Daga babu yake fara ƙirga?"

Bara'atu ta ce, "Haka aka ce, Baba."

Ya girgiza kai. "To kada a kuskura a kawo mini shi rumfa. Mai saye zai ce kwalba ɗaya, ya miƙa masa biyu."

Ɗanjuma, wanda ba ya cika magana, ya yi lissafinsa a hankali sannan ya ce, "Allah ya taimake ni ba ke da injin nan kuka raɗa mini suna ba. Da yanzu Ɗan'asabe nake." Sista Patricia kuwa ta nuna ta da yatsa ta ce daga yau sunanta Lami Jummai. Sunan ya bi ta. Har takardar gayyatar biki an taɓa kawo mata da shi.

Da ta miƙe ta koma aiki ta goge biyar ta sa huɗu. Ta kuma yi wa abin waƙa, da muryar da muke rera kwanakin mako a zaure: "Abin da Baba ya koya mana, a cire ɗaya." In tana shara ta rera, in tana neman kati ta rera. Malam Sada ya ce wannan rashin kunya ne, amma na taɓa jin sa yana murmushi yana maimaitawa.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na san ta a ciki. Ta ƙara wa Kuron aiki. Farkon kowane wata ya tuna wa iyaye rigakafin yara. Kullum da yamma ya kwafe sunayen marasa lafiya ya adana a wani wuri don kada su ɓata. Ni ma ta yi mini nawa layin: duk Laraba da ƙarfe biyar na yamma wayata ta yi ƙara, "Bilki, ki jiƙa shinkafa, gobe awo. Kada ki ba ni kunya." Ciwo bai bar ta ba, yana zuwa yana tafiya kamar yadda ya saba. Abin da ya sauya shi ne yanzu in ta kwanta, kwanciya take yi. Ba ta zabura da asuba tana laluben waya. Ta ce mini, "Jikina ba shi da alƙawari, amma na samu mai riƙe mini."

Da azumi akan matsar da saƙon zuwa ƙarfe bakwai, saboda mutane suna komawa barci bayan asuba. Wata shekara ta ce ni zan sauya. Na ce, "Ni da ko katin waya sai an sa mini?" Ta ce in wanke hannu in zo. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta kama yatsana kamar na 'yar aji ɗaya tana dangwala shi a kan haruffa. Baƙin allo ya buɗe, na ga layukan, lambobi da taurari a jere kamar kofunana. Na goge shida na sa bakwai. Bayan salla ta sa na mayar. Haka muka riƙa yi duk shekara.

Na taɓa tambayarta, "Wai me ya sa sai ni?"

Ta ce, "Ke ma kin san jikina, Bilki."

Na tashi na fita, kwana biyu ban yi mata magana ba. A rana ta uku ta zo ta zauna a bencina ta ce a ba ta kunu na fushi, mai zafi. Na zuba mata. Ba mu sake tada maganar ba.

Ciwon ƙarshe bai zo da wata alama ta daban ba. Mun ɗauka irin na kullum ne, za ta kwanta ta tashi ta ci gaba da tsokanar mutane. Na je wurinta da hantsi, ta buɗe ido ta ce, "Yau wace rana?" Na ce Laraba. Ta ɗaga yatsu uku da ƙyar, ta yi ɗan murmushi. Bayan azahar Allah ya karɓi abarsa. Aka kai ta bayan la'asar. Muna zaune a tsakar gida, mata cike, sai na ji waya tana motsi a ƙugun zanena. Ban duba ba, na san abin da ta ce. Na koma gida na jiƙa shinkafa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Washegari saƙon awo ya fita a kan lokacinsa. Mata suka zo, a asibitin suka ji labari, daga nan suka zarce gidan gaisuwa da katunansu a hannu. Ɗanjuma ya ce da kanta ta gayyaci mutanenta.

To, mu koma ranar da Sista Patricia ta tsaya a gaban tukunyata. Ta ce ta nemi Rufus, ya tafi karatu ƙasar waje, lambarsa ba ta shiga. Ta ce, "Kai ne kana zama kusa da Bara'atu. In ba ka gyara ba, oga zai cire wayan gaba ɗaya." Na ce ni awa kawai na taɓa sauyawa, kuma tana riƙe da yatsana. Ta ce, "Yatsan yana nan, ko ya tafi da shi?"

Ranar Litinin da safe na shiga ɗakin kati, karo na farko tun rasuwarta. Kujerarta tana nan da matashin da Ɗanjuma ya ɗinka mata da ƙyallayen atamfa. Na zauna a gefe-gefe. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Wannan kam na sani, duk azumi ina rubuta ta: tumatir. Sista ta yi dariya tana share ido. Na buɗe baƙin allo, na rubuta crontab -e kamar yadda ta koya mini, harafi ɗaya bayan ɗaya. Layukan suka fito. Na sama shi ne na awo:

0 6 * * 4

Na kai yatsa kan huɗun nan na kasa. Da hannunta ta sa shi, ranar da ta tashi daga ciwo tana waƙa. Duk abin da ta bari an raba, tufafinta, takalmanta, har ɗan kofin da take shan magani da shi. Wannan huɗun ne kaɗai yake nan inda ta ajiye shi, yana kuma aiki. Na ce, "Sista, ba zan iya goge ta ba."

Sista Patricia ta dafa kafaɗata. Ta ce, "Shi bai yi wannan don lamba ba. Don mata su zo ya yi. In lamba ya hana su zuwa, da kanshi zai goge."

Na yi bismilla na goge. Wurin ya zama fili, ɗan layi yana ƙyaftawa yana jira. Talata. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya fara, Talata uku, ku tuna talatin, yatsana ya tafi kan uku da kansa. Har na taɓa shi. Sai waƙar ta faɗo mini, da muryarta, da tsintsiya a hannunta. Ni da Sista muka faɗa tare, da ƙarfi har mai gadi ya leƙo:

"A cire ɗaya!"

Na sa biyu. Na ajiye, na rufe. Kwamfuta ba ta ce madalla ba, ba ta ce kin yi kuskure ba. Kuron ba ya yabo. Sai dai a jira a gani.

Sista ta ce, "Saura naka na shinkafa. Mai da shi Litinin." Na ce a bar wannan tukuna.

Ranar Talata na tashi da wuri na hura wuta. Lambata tana cikin waɗanda saƙon awo yake zuwa musu, Bara'atu ce ta sa ni tun bayan rikicin Juma'ar nan don in riƙa shaida. Na ajiye wayar a kan murfin bokiti ina dama kunu ina satar kallonta. Gari ya yi haske, masu kai yara makaranta suka fara wucewa. Na fara cewa a raina ko biyun bai zauna ba, ko na taɓa wani abu na lalata aikin shekaru. Sai ta yi ƙara. Na goge hannu a zane na duba. Salamu alaikum. Yau ranar awo ce.

Kafin in gama jera kofuna keke na farko ya tsaya. Dattijon nan na wajen Sunkani ne, wannan karon da surukarsa. Ya ɗaga mini waya ya ce, "Asibiti ya ce yau." Na ce, "Yau ɗin ne, Baba, ku shiga." Da hantsi shugaban asibitin ya fito ya tsaya yana kallon benci, babu wurin zama. Ya zo ya sayi kunu, ya sha a tsaye, ya ce wa Sista a bar kwamfutar yadda take.

Layina na Laraba har yau ban taɓa shi ba. Shinkafar Talata ba sai an tuna mini ba, na san Litinin ɗina. Amma duk Laraba da yamma wayata takan yi ƙara ta ce kada in ba ta kunya, ni kuma sai in jiƙa. Ranar Alhamis in dama 'yar tukunya in kai zauren Malam Sada, a raba wa masu karatu da masu wucewa, ladan ya je mata. Mahbuba takan sha kofi biyu. Malam ya tsufa sosai yanzu, idonsa ya yi rauni, amma da ya ji ƙamshin gyaɗa sai ya ce, "Bilkisu ce? Ashe yau Alhamis. Biyar."

In ce, "Huɗu, Baba."

Ya ce, "Ke ma ta lalata ki." Sai ya miƙo kofinsa.

Allah ya jiƙan Lami Jummai, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ta jikin da ba ya saɓa alƙawari a gidan da ba a ciwo. Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a.